Lamba Shida da Minti Goma: Ɓarakar da Aka Gano a Instagram

Shafin kimiyya da fasaha na wannan makon zai yi magana ne a kan wasu 'yan lambobi guda shida da kusan kowannenmu ya taɓa gani. Duk wanda ya taɓa buɗe WhatsApp a sabuwar waya, ko ya manta kalmar sirrinsa ta Facebook, ko ya tsaya kusa da babansa yana tura kuɗi ta manhajar banki, ya san saƙon nan da ke shigowa yana cewa ga lambarka, kada ka faɗa wa kowa. A banki OTP ake ce mata. Mu a nan za mu kira ta lambar tantancewa, tunda aikinta shi ne ta tabbatar wa kamfani cewa mai asusun ne da kansa yake ƙwanƙwasa ƙofa.

To, idan mutum bai ga saƙon ba, bai saci wayarka ba, bai kuma yaudare ka ka karanta masa ba, zai iya cankar lambar? A shekarar 2019 wani mai binciken tsaron manhaja ɗan ƙasar Indiya, Laxman Muthiyah daga birnin Chennai, ya nuna wa kamfanin Facebook cewa a Instagram hakan mai yiwuwa ne, kuma a kan asusun kowa.

Mu fara da lissafi. Masu tsoron lissafi kada ku wuce, ba mai wuya ba ne.

Lamba mai gurbi shida tana farawa daga 000000 ta ƙare a 999999. Ke nan guda miliyan ɗaya cif, kuma ɗaya daga cikinsu ce daidai. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe dole ya faɗa kanta. Ba ya buƙatar wayo, haƙuri kawai yake buƙata, kamar ɓarawon da ya zo da buhun makullai ya tsuguna a gaban kwaɗo yana zura su bi da bi. Irin wannan kutse shi ne za mu kira harin ƙarfin tuwo.

Idan mutum ne yake dannawa da hannu, a ce lamba ɗaya duk daƙiƙa biyar, zai kwashe kusan kwana 58 ba barci ba cin abinci kafin ya gama miliyan ɗin. Ga shi kuma a lokacin lambar Instagram minti 10 take yi ta mutu. A minti 10 mai danna hannu zai gwada 120 ne kacal, sai dai ya haƙura. Amma kwamfuta ba ta gajiya. Abin da ake buƙata don a cinye miliyan ɗaya a minti 10 shi ne gwaji 1,667 a kowace daƙiƙa, wannan kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne a wurin kwamfutoci.

Daga nan za ku gane cewa ita lambar ba ta da wani ƙarfi a karan kanta. Masu gadi biyu ne suke tsare ta. Na farko lokaci, wato ta mutu da wuri. Na biyu iyaka, wato idan aka yi kuskure 'yan lokuta a rufe ƙofa. Katin ATM na iyayenmu ma haka yake. Lambarsa gurbi huɗu ce, guda 10,000 ke nan, amma in ka yi kuskure sau uku sai a toshe katin. Wanda ya tsinci kati a hanya yana da dama uku cikin 10,000, shi ya sa lamba huɗu take isa. Af, John Shepherd-Barron, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro na'urar ATM da aka fara kafawa a Ingila a 1967, ya ba da labarin cewa shi shida ya so sakawa, matarsa Caroline ta ce huɗu kawai take iya riƙewa a ka.

Idan mai gadi na biyu ya yi gyangyaɗi fa?

Hakan ta taɓa faruwa a Facebook kansa a 2016. Wani ɗan Indiya mai suna Anand Prakash ya lura cewa a babban shafin Facebook, in ka yi kuskuren lambar sauya kalmar sirri sau goma zuwa sha biyu, za a dakatar da kai. Sai ya leƙa wani shafin kamfanin da ake gwada sababbin abubuwa a kansa kafin a sake su ga jama'a, wato beta.facebook.com. Can kuwa babu iyakar kwata-kwata, an manta ba a saka ba, alhali asusun mutane na gaskiya ake shiga ta wurin. Ya gwada a kan asusunsa, ya cinki lambar, ya sauya kalmar sirri. Ya kai rahoto a watan Fabrairun shekarar, aka toshe, aka ba shi dala 15,000. An kulle ƙofar zaure da kwaɗo, an bar ta bayan gida a buɗe.

Na Instagram ya fi wannan ɗaukar hankali, domin a can mai gadin yana nan a farke, dabara aka yi masa.

Muthiyah ya fara duba hanyar sauya kalmar sirri ta kwamfuta, inda ake aiko wa mutum dogon adireshi ta imel. Bai ga kafa ba. Sai ya koma ta waya, inda ake aiko lamba shida. Ya tura gwaji kusan 1,000, sai ya ga kimanin 250 sun wuce an duba su, sauran 750 an tare su. Ke nan akwai iyaka. Mutane da yawa a nan za su tattara kayansu. Shi kuwa ya lura da wani abu: an rage masa gudu, amma ba a kore shi ba. Ya ci gaba da turawa kwanaki, ba a saka shi cikin jerin waɗanda aka hana shiga ba. Da ya ƙara tonawa sai ya gano ɓaraka biyu.

Ta farko za mu kira ta rige-rige. Ku ɗauki ɗakin cin abinci na makarantar kwana. Doka ta ce kowane ɗalibi kwano ɗaya. Masu rabo goma ne, rajista kuma ɗaya ce. Tsarin shi ne mai rabo ya duba rajista, in bai ga alama a gaban sunanka ba ya zuba maka, sannan ya je ya saka alamar. Idan ɗalibai suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, ba matsala. Amma a ce wani ya ba abokansa tara kwanuka, su goma suka miƙa wa masu rabo goma a lokaci guda, duk da sunansa. Kowane mai rabo zai leƙa rajista ya ga babu alama, domin babu wanda ya kai ga sakawa tukuna. Kwano goma sun fita da suna ɗaya. Babu mai rabon da ya karya doka, tazarar da ke tsakanin dubawa da rubutawa ce aka yi amfani da ita.

Haka manyan kwamfutocin kamfani irin Instagram suke aiki. Ba guda ɗaya ba ce, suna da yawa ƙwarai, kowace tana amsa buƙatun jama'a a lokaci guda. Idan gwaje-gwaje suka iso tare a cikin ƙiftawar ido, da yawa za su wuce kafin ƙidayar kuskure ta kai ga hawa.

Ta biyu ita ce sauya adireshi. Duk na'urar da ta hau intanet tana da wata lamba da ake gane ta da ita, ana ce mata adireshin IP. Idan tsarin tsaro ya dogara da wannan adireshi wajen ƙirga kuskure, to ya zama mai gadin da ke gane mutane da hula. Ka zo da jar hula ka yi kuskure ya kore ka, ka zagaya ka sako baƙa, ya ce sannu da zuwa. Su kuwa adireshin nan ana samun hayarsu. Kamfanoni irin su Amazon da Google suna ba da hayar kwamfutoci ta intanet, ka biya kuɗin 'yan mintunan da ka yi amfani da su, kowace kuma da nata adireshin.

Muthiyah ya haɗa biyun. Ya yi amfani da na'urori 1,000, kowace da adireshinta, ya tura gwaji 200,000 a kan asusunsa na gwaji. Kashi 20 cikin ɗari ke nan na dukkan lambobin. Ku raba ku gani, kowace na'ura 200 ta tura. Da wannan lissafin, mai son cinye miliyan ɗin gaba ɗaya yana buƙatar adireshi 5,000. Ya ƙiyasta cewa hayar wannan ba za ta wuce kimanin dala 150 ba. Wato da dala 150 mugu zai iya ƙwace shafin duk wanda ya ga dama, ko mawaƙi ne mai mabiya miliyoyi, ko kamfani, ko shugaban wata ƙasa.

Abin da ya fi tayar da hankali a nan, a ganina, shi ne mai asusun bai yi laifin komai ba. Kullum ana yi mana faɗa mu zaɓi kalmar sirri mai tsawo, kada mu saka ranar haihuwa ko sunan ƙanwa. Shawara ce mai kyau. Sai dai a wannan harin ko kalmarka ta kai layi guda ba za ta hana komai ba, tunda ɓarawon ba ta wajenta ya biyo ba. Ya danna wurin da ake cewa an manta kalmar sirri, ya cinki lambar, ya kafa sabuwar kalma tasa, ya bar ka a waje. Abin da kawai za ka gani shi ne saƙo ya shigo wayarka da lambar da ba ka nema ba.

Ya aika wa Facebook rahoto tare da bidiyon gwajin. A lokacin Facebook ne ke da Instagram tun da ya saye shi a 2012, kuma tun 2011 yake da shirin ba da tukwici ga duk wanda ya gano ɓaraka ya sanar da shi a asirce. Suka gyara, suka biya shi dala 30,000, sannan ya wallafa bayanin a watan Yulin 2019. Ku buga wannan kuɗi da canjin yau ku gani.

Bai tsaya nan ba. Wata guda bayan haka ya sake bayyana wata ɓarakar a wuri ɗaya, wannan karon ya juya lissafin ne. Instagram yana haɗa lambar da aka aika da shaidar wayar da ta nema. Sai ya ga ana iya amfani da shaidar waya guda a nemi lambobin mutane masu ɗimbin yawa. Maimakon a gwada makullai miliyan a kwaɗo ɗaya, sai a tara kwaɗuna da yawa a gaba, duk makullin da aka ɗauko akwai yiwuwar ya buɗe ɗaya daga cikinsu. A misalin da ya bayar, in aka nemi lambobin mutum 100,000, damar dacewa ta kai kashi 10 cikin ɗari. Wannan ta kawo masa dala 10,000. A 2021 kuma ya bayyana irin ta farkon a asusun Microsoft, inda lambar take da gurbi bakwai, aka ba shi dala 50,000. Ƙarin gurbi ɗaya ya ninka aikin sau goma, amma bai hana ba.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a tsawaita lambar ba a huta? Ai ana yi, a inda kwamfuta ce za ta riƙe ta. Lokacin da ka shiga Instagram da kalmar sirrinka, kamfanin yana ba wayarka wata doguwar shaida ta haruffa da lambobi da ba ka ma ganinta. Ita wayar take nunawa duk lokacin da ka buɗe manhajar, shi ya sa ba a tambayarka kalmar sirri kullum. Kamar katin shaidar makaranta ne, an tantance ka sau ɗaya a ofis, daga nan kati kake nunawa a bakin get. Idan aka ƙera irin wannan shaida da kyau, yawan yiwuwarta yana kai lamba mai gurbi 39. Ko kwamfuta tana gwada biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, shekarun da za ta kwashe sai ka rubuta 1 ka jera sifili 22 a bayansa. Babu mai ɓata lokacinsa a nan, sai dai in masu manhajar sun yi ganganci sun sa shaidar tana bin wani tsari da za a iya hasashe, misali ana samar da ita daga agogo ko daga lambar da ke hawa ɗaya-ɗaya. Matsalar tana wajen da ɗan Adam ne zai karanta lamba a saƙo ya kwafa da yatsa. Ba wanda zai yarda ya kwafi gurbi 39, musamman kakanninmu. Shi ya sa aka tsaya a shida, aka jingina komai ga masu gadin nan biyu.

Akwai kuma wata hanyar da doguwar lamba take komawa gajera, kuma wannan ta shafi na'urar Wi-Fi da wasunmu ke da ita a gida ko a shagon kwamfuta. Yawancinsu suna da wani tsari mai suna WPS, wanda ke ba da damar haɗa na'ura da lamba mai gurbi takwas. A watan Disambar 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa gurbi na takwas ba sirri ba ne, ana lissafo shi daga bakwai ɗin farko. Mafi muni kuma, na'urar tana duba lambar ne kashi biyu, ta faɗa maka ko huɗun farko sun yi daidai kafin a je ga sauran. To ai shi ke nan. Huɗun farko gwaji 10,000 ne, ukun da suka rage 1,000. Jimla 11,000, a maimakon miliyoyin da ake zato. Da yawa daga cikin na'urorin lokacin ba su da iyakar kuskure, don haka cikin 'yan sa'o'i ake buɗe su. Ku yi tunanin malamin da kake karanta masa amsa yana gyaɗa kai duk sanda ka faɗi rabin daidai. Idan akwai irin wannan na'ura a gidanku, musamman tsohuwa, ku sa a shiga saitinta a kashe WPS.

Gyaran ɓarakar Instagram a baki mai sauƙi ne: a riƙa ƙirga kuskure a kan asusun da ake nema, ko daga ina gwajin ya fito, a kuma tabbatar dubawa da rubutawa suna faruwa tare ba tazara. In an yi kuskure 'yan lokuta, lambar ta mutu nan take. Amma masu ƙera manhaja suna da wani ciwon kai. Idan suka ce duk asusun da aka yi kuskure sau biyar a rufe shi, to wanda ke jin haushinka zai riƙa danna lambar banza da gangan kullum don a kulle ka. Shi ya sa wasu suka zaɓi jinkiri mai ƙaruwa. Wayar iPhone misali ce: bayan 'yan kurakurai za ta sa ka jira minti ɗaya, sai biyar, sai sha biyar, sai awa, har sa'o'i, kuma mai ita na iya saita ta ta goge komai bayan kuskure goma. Ku san muhimmancin wannan, a 2016 hukumar FBI ta Amurka ta kai kamfanin Apple kotu a kan wayar wani maharin da ya kashe mutane a San Bernardino. Ba lambar suka nema a wurin Apple ba, tunda Apple bai san ta ba. Sun nemi a cire jinkirin da gogewar ne, don kwamfutarsu ta samu ta yi ƙarfin tuwo. Apple ya ƙi, daga baya hukumar ta ce ta buɗe wayar ta wata hanya.

Mu da muke riƙe waya kawai, rabonmu a wannan aiki kaɗan ne, amma akwai shi. Saƙon lambar da ba ka nema ba alama ce cewa wani yana taɓa ƙofarka, ko da kuskure ko da gangan. Kada ka share ka manta. Ka shiga asusun ka duba na'urorin da ke ciki, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, ka faɗa wa wani babba in asusun banki ne. Kuma gaskiyar magana, ɓarayin da suka addabi mutanenmu ba sa hayar kwamfuta 5,000. Kira suke yi, su ce daga banki ne, ko an saka ka a taron wani zauren WhatsApp, karanto lambar da ta shigo. Da zarar an karanta sun ƙwace layin, sai a fara tura wa kawu da gwaggo saƙo da sunanka cewa kana cikin matsala a turo kuɗi. Babu ma'aikacin banki ko na WhatsApp da aikinsa ya ƙunshi tambayar wannan lamba.

Ga 'yan ajin kwamfuta da na san ransu ya fara biyawa da jin dala 30,000: Prakash da Muthiyah a kan asusunsu suka yi gwaji, a ƙarƙashin shirin da kamfanin da kansa ya buɗe ya kuma gindaya masa sharuɗɗa, sannan ba su fallasa komai ba sai da aka gyara. Gwada irin wannan a kan asusun abokinka, ko da wasa ne, shiga ce ba da izini ba, kuma Dokar Laifukan Intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri ko tara ko duka biyun. Mai sha'awar wannan fanni ya riƙe lissafi da darasin kwamfuta da kyau, ya fara koyon rubuta manhaja, domin sai ka san yadda ake gina abu kake gane inda ya tsage.

Tambayar wannan makon daga cikin darasin take. Wata manhaja tana aika lamba mai gurbi shida, tana ba da damar gwaji uku kawai a kan kowace lamba, amma ta bar mutum ya nemi sabuwar lamba duk bayan minti ɗaya ba iyaka. Gwaji nawa ɓarawo zai yi a kwana ɗaya? Kwana nawa zai ɗauka kafin gwajinsa ya kai miliyan ɗaya? Sannan ga ta manyan aji: idan ya cika miliyan ɗin, shin tabbas ne ya dace, tunda lambar tana sauyawa kowane minti? A rubuta amsa da suna da aji a jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba.